Gayyar da Ba a Ɗora Tukunya Ba

Har yau ban manta da ranar da manaja ya ɗauke ni zuwa ƙauye ba, ni da ko kasuwa sai an matsa mini nake leƙawa. Ku da kuka zo daga baya, ku ji.

Lokacin ni ce shugabar mata masu tsintar wake a siton nan na Batsari. Kamfanin da ke sayen wakenmu yana da doka: ba ya karɓar amfanin gonar da aka noma da aikin dole. Don haka kafin a sayi babban kaya, sai an je an tambayi waɗanda suka yi aikin. A kakar shekarar wani Alhaji daga wajen Zakka ya kawo tayin wake mai kyau, ya ce da gayya ya noma shi. Manaja ya ce, "Inna Dije, ke za ki ji mana ta bakin mata, ni ba na shiga gidaje." Aka ɗora ni a babur, ina salati har muka isa.

Manaja ya tara maza a waje da takardarsa, Alhaji na zaune gefe. "An tilasta muku?" Kowa ya ce a'a, gayya ce.

Ni kuwa na faɗa wani gida, wata tsohuwa ta dama mini fura. Hira ta yi daɗi, na ce, "Iya, gayyar Alhaji kam an sha aiki. Su wa suka tuƙa tuwon?"

Ta yi dariya. "Wane tuwo, 'yar nan? Kowa da ɗumamen gidansa ya tafi."

"Makaɗi fa?"

"Kiɗan me? Gonakin da muke ci aronsa ne. Wanda bai fito ba, baɗi ya nemi wata."

Na fito na ja manaja gefe, ban ambaci gidan ba, don kada a kore su. Na ce, "Ranka ya daɗe, ban yi boko ba, amma gayya ba tukunya ba makaɗi, wannan sunanta dole."

Manaja ya ce ba a sayen waken sai Alhaji ya biya mutanen ladan aikinsu, ya kuma faɗa a gaban dagaci cewa ba wanda zai rasa gonar aro don ya ƙi aikinsa. Alhaji ya yi ta faɗa, har ya ce wa ya kawo wannan mai surutun. Bayan sati biyu ya yarda.

To, ku riƙe wannan: ba mai cewa an tilasta masa a gaban wanda ke riƙe da gonarsa. Ku shiga ciki, ku zauna, ku tambayi abin da aka ci.