Baba Hezekiya da Fuskar Kaneng

Duk wanda ya yi firamare a Jos shekaru talatin da suka wuce ya san hannun Baba Hezekiya, ko da bai san fuskarsa ba. Shi ne yake zana hotunan littattafan karatun yara. Ni Mwadkon mai faci, katanga ɗaya ce tsakanin ɗakina da nasa a Rikkos.

Ya ce suna yara, littattafan da ake ba su cike suke da 'ya'yan Turawa masu safa suna wasa da ƙanƙara. Da ya samu aiki a wata maɗaba'ar mishan sai ya rantse yaran unguwa zai riƙa zanawa. Ya zaunar da yaro a kan turmi, ya miƙa masa rake, kafin ya gama sha an gama zana shi. Haka acca da duwatsunmu suka shiga littafi. Ni ma na shiga. Ɓarawon akuyan nan mai ƙaton hanci, ni ne, kuma har yau ban yafe ba.

Daga baya kwamfuta ta zo. Aka sake buga littattafan da wasu yara masu sheƙi, ido kamar faranti, ba wanda ya san iyayensu. Baba ya koma rubuta allon shaguna, hannunsa kuma ya fara rawa. Nakan ce, "Baba, ka koma kiɗan kalangu mana, hannun ya riga ya iya." Shi kuma ya ce, "Zana hancinka ne ya gajiyar da shi."

Watan jiya sai ga Mama Zipora, tsohuwar maƙwabciyarmu da ta koma Tina Junction bayan an ƙona gidansu lokacin rikici. 'Yarta Kaneng zazzaɓi ya ɗauke ta tana shekara tara, tun kafin gobarar, hotunanta kuwa duk sun tafi da gidan.

Ta ce, "Baba, fuskarta ta fara ɓace mini. In na rufe ido rigar kawai nake gani. Ka taɓa zana ta ɗauke da bokiti a littafin aji biyu. Ko shafin kaɗai ne, ka taimaka."

Littafin da Baba ya ajiye, gara ta cinye. Muka bi makarantu, muka bi masu baza tsofaffin littattafai a bakin titi. Wata malama a Rayfield ta ce tsofaffin bugun tuni masu ƙosai suka naɗe da su.

Sai ya ce zai sake zana ta da ka. Takarda shida ya ɓata. Da Mama Zipora ta dawo ta duba ta bakwai, sai ta girgiza kai.

"Yarinya ce kyakkyawa, Baba. Amma ba tawa ba ce."

Baba ya ajiye fensir ya sunkuyar da kai. Ni kuwa bakina ba ya rufuwa. Na ce, "Ai rowar goshi ka yi mata. Kaneng da goshinta ke riga ta shiga ɗaki? Gaban Tirela fa nake kiranta, ta bi ni da jifa."

"Mwadkon, Allah ya shirye ka!" Mama Zipora ta cire takalmi ta ɗaga. Sai hannunta ya tsaya a sama. A hankali ta ce, "Kunnenta na hagu ma ya ɗan lanƙwashe."

Na ce, "Ga wushirya, keke sai ya wuce ta ciki."

Baba ya jawo sabuwar takarda, ya danne hannun dama da na hagu. Muna faɗa yana ja, layin na karkacewa, yana gogewa yana sakewa. Da ya gama ta daɗe tana kallo.

"Goshin nata ne. Bakin ma. Idanun fa?"

Dukansu suka juyo wurina. Na sosa ƙeya. Idanun yarinyar nan ba su da abin tsokana, shi ya sa ban riƙe su ba.

Baba ya ce, "Ki dawo Asabar, za mu gwada."

Bayan ta tafi ya ɗauki kofin shayi, rabi ya zube masa a wando. Ranar ban yi masa tsiyar kalangu ba. Asabar uku ke nan tana zuwa, wurin idanun har yanzu fari ne.