Malam Jinaidu Na Toka, Mai Haɗa Matatar Kifi

Kullum bayan ya karya kumallo, Malam Jinaidu yakan ja benci zuwa bakin rumfarsa da ke bayan kasuwa, inda haske ya fi, ya ɗora fallen akirilik a kan tebur. Robar nan ce mai kama da gilashi, wadda ake allon shago da ita. Da allon ya fara shekara talatin da suka wuce, kafin masu kiwon kifi su yawaita a Kontagora su shiga neman abin da zai tace musu ruwa. Yanzu akwati yake haɗawa mai ɗaki uku, na soso, na tsakuwa, na gawayi. Ruwa ya shiga da dauɗa, ya fito garau.

Aikin na cin rai. Zai ja layi da wuƙa har sau goma kafin ya ɓalle fallen a gefen tebur, ya goge bakin sumul, sannan ya ɗiga gam da sirinji. Warin gam ɗin har ka yake hawa, kuma shi yake zargi da dusashe masa ido. In ya gama sai ya baza toka a ƙasa, ya ɗora akwatin, ya cika shi da ruwa, ya bar shi kwana uku. Ɗigo ɗaya ya isa ya yi baƙin tabo a tokar. Saboda haka 'yan layin suka laƙaba masa Na Toka, masu gaggawa kuwa da yawa sun yi fushi sun tafi.

Nuru mai walda, maƙwabcinsa, shi ya ga abin da ya faru bara. Rahila, wadda ake kira Maman Haggai, wata malamar firamare daga Salka da ta yi ritaya, ta yi ƙyanƙyasar tarwada karo na farko, 'ya'yan kifin suka fito fal tanki. Matatar da ta ba da a yi mata kwana ɗaya ke nan a kan toka, sai ga ta da hantsi, ko zama ba ta yi ba.

"Malam, ruwan ya fara wari. Sun taso sama suna haki. Ba ni kayana haka nan."

"Maman Haggai, gam bai gama kamawa ba. In ya buɗe a can kina gona, famfo zai zuƙe tankin tas."

"To in tsaya ina kallo su mutu?"

Ya shiga ciki, inda tankin gilashinsa yake, mai jajayen kifaye biyu da ya shekara tara yana kiwo, su ne abokan hirarsa tun da matarsa ta rasu. Ya kwance matatarsu, wadda ta daɗe tana aiki, ya sa ta a bokiti da ruwanta, ya miƙa mata.

"Kada ki wanke ta, balle ki sa mata sabulu. Dauɗar jikin soson nan ita ke gyara ruwa. Jibi ki zo ki karɓi taki."

Kwana biyun nan da kofi ya riƙa sauya wa kifayensa ruwa, yana duƙawa yana miƙewa da ƙyar. Ga zafin bazara. Nuru ya ce ranar ta biyu da la'asar ya leƙa ya tarar da shi zaune, babban kifin kwance a tafin hannunsa.

"Malam, da ka ba ta sabuwar kawai."

"Tokar ba ta gama magana ba," in ji shi. Ya binne kifin a gindin dalbejiya, ya koma kan bencinsa. Ya ji zafin abin ƙwarai, mako guda ba ya hira da kowa.

'Ya'yan kifin Rahila sun rayu. Da ta zo karɓar tata ba wanda ya faɗa mata komai, sai yau in ta karanta wannan.

Malam Jinaidu, kai ne ka yarda a kira ka mai nawa da taurin kai, ba ka yarda ka sallami aikin da ba ka tabbatar ba. Kai ne aikinka ke ɓoye a bayan tanki, baƙo ya yaba kyan kifi ya wuce bai tambayi wa ya haɗa ba. Ka gaji, mun gani. Yatsunka duk tabon wuƙa ne, bayanka ba ya miƙewa sosai.

Watan jiya ya ce ya ajiye aiki. Akwatin ƙarshe da ya haɗa, da kwana ukun suka cika, ya ɗaga shi ya ƙura wa tokar ido bai ga komai ba, fari ko baƙi. Sai ya durƙusa ya shafa ta da hannu, lungu-lungu, har ya tabbatar a bushe take, sannan ya ce a kira mai shi.

Mun gode, Na Toka. Allah ya ba ka hutu da lafiyar ido. Masu sana'ar garin nan, kowa ya nemi irin tokarsa ya gwada aikinsa kafin ya miƙa wa mutane. Wanda kuma ya bi ta bayan kasuwa, ya tsaya ya gaishe shi. Yana nan a bakin rumfa, shi da kifinsa ɗaya.