Sandar Baba ta koma hannun dama

Shekarar da kwatangwalon Baba na hagu ya fara ciwo, na ɗauko shi daga Djougou ya dawo wurina a unguwar Titirou. Tsohon ɗan kasuwar goro ne, kuma duk duniya ba abin da yake tsoro kamar zaman ɗaki. Tafiyarsa ɗaya ce ta rage, daga gida zuwa masallacin unguwa, ita ma kullum ƙara yi masa wuya take yi. Na saya masa sanda. Ya riƙe ta da hagu, don hannun dama na gaisawa ne, shi kuwa Baba ba ya wuce mutum bai ba shi hannu ba.

Da ciwon ya tsananta na kai shi asibiti, aka tura mu wurin mai gyaran motsin gaɓoɓi, wanda muke ce wa kine. Na zaci allura zai yi. Sai ya ce Baba ya taka zuwa bakin ƙofa ya dawo. Kafin ya dawo har ya gaisa da mutum uku.

"Baba, sandar nan ba a wurinta take ba," in ji kine.

Ya ɗora rula a kan yatsansa, gefe ɗaya dogo, ɗaya gajere. Ya ce duk lokacin da mutum ya ɗaga ƙafa ɗaya, haka jiki yake tsayawa a kan gaɓar ɗaya ƙafar: nauyin jiki a dogon gefe, naman da ke riƙe shi a gajere. Dole naman ya ja da ƙarfi, sai abin da gaɓar ke ɗauka ya ninka nauyin mutum fiye da sau biyu. Sanda a hannun dama za ta tallafe dogon gefen.

Baba ya yi shekaru yana awo da sikeli, nan take ya gane. Gane ɗin ne ma ya ɓata masa rai.

"To, doktor, da hagu zan riƙa gaida mutane?"

"Baba, ko haka, ko nan gaba sallah a ɗaki."

Mako guda bai fita ba. Ni kam haushi ya ishe ni, har na ce masa gaisuwa ba farilla ba ce. Ina faɗa na ji kunyar bakina.

Ranar Juma'a ya fito, sanda a dama, fuska a murtuke. A bakin layi muka haɗu da tsohon telan da suke sahu ɗaya, wanda na riga na kai wa ƙarar Baba. Baba ya tsaya yana kiciniyar sauya hannu. Telan bai jira ba, ya ɗora tafinsa a kan hannun Baba, can bisa kan sandar.

"Barka da Juma'a, Alhaji. Bar ta inda take."

Mutumin da ke bayan telan ya gani, shi ma ya yi haka. Kafin wata ya ƙare duk layin sun koya.

Na gode wa kine da ya tsaya ya kalli tafiyar tsoho, na gode wa telan nan har gobe. Shekara huɗu Baba ya ƙara yana zuwa masallaci da ƙafarsa. Ranar da aka zo mana ta'aziyyarsa, sandar na jingine a zaure. Telan ya shigo, kafin ya ba ni hannu sai da ya fara ɗora tafinsa a kanta.