Likitar da Ke Kallon Ƙafar Majiyyaci

Dakta Sa'adiya 'yar unguwarmu ce, Yindiski, kuma muna alfahari da ita, ko da yake wanda ya ce tana da tsanani bai yi ƙarya ba. Bayan ta gama karatu ta dawo Potiskum tana duba masu ciwon ciki da wata siririyar roba mai kyamara, wadda ake zurawa ta maƙogwaro. Ƙananan likitoci a hannunta suke koyon aikin, kuma sai ta amince ake barin mutum ya yi shi kaɗai.

A cikinsu akwai Dakta Almustapha, mai saurin hannu. Ranar gwajinsa aka kawo wani dattijo Bafulatani daga Nangere. Almustapha ya ce, "Baba, in ka ji zafi, ɗaga hannu." Ya zura robar, ya gano gyambon cikin nan take, dattijo ko motsi bai yi ba. Ya juyo yana murmushi.

Sa'adiya ta ce, "Da sauranka, Dakta. Kai kana kallon talabijin, ni ina kallon ƙafarsa. Yatsunsa sun dunƙule kamar za su karye. Dattijon Fulani ne zai ɗaga hannu a gaban mace don ya ji zafi? Ai gara ya mutu."

Almustapha ya ji haushi, amma ya haɗiye, ya ci gaba da koyo har ta amince da shi.

Bara shi ya duba mahaifiyata. Kafin ya taɓa robar sai ya ce, "Mama, ki yi haƙuri," ya ɗan yaye mayafin da ya rufe ƙafafunta.