Wa Ya Rage Bai Ji Ba? Shekara Tara da Rasuwar Kawu Iro

Shekara tara ke nan da rasuwar Kawu Iro, yayan mamanmu. In kai ɗan Funtuwa ne ko Malumfashi kuma ka ɗan manyanta, ka san muryarsa ko ba ka san fuskarsa ba. Shi ke karanta sanarwa da cigiya a gidan rediyon garinmu tun ranar da aka kunna shi.

Da na yi niyyar rubutun nan, wallahi shagali na so in yi. Ni Ummi, ɗaliba, na samu gurbin koyon aiki a gidan da Kawu ya yi zamaninsa, har an ba ni fili nawa na matasa. Ranar da aka ce in fara, sai da cajin wayata ya ƙare saboda fostin a intanet. Ƙawaye na ta "Ummi kin haɗu!" ni kuma ina ta fankama. To yanzu kam baki ya mutu, kunya ce ta kawo ni.

Bari in ba 'yan baya labarin gidan. Ƙungiyar manoman auduga ce ta kafa shi a wani tsohon sito. Aikinsa kawai ya gaya wa manomi yadda masara da dawa suka kwana a kasuwa, yaushe za a sa taki, akuyar wa ta ɓata. Da auduga ta ja baya, wani Alhaji dillalin taki ya saye shi, tallar maganin feshi ta cinye rabin yini. Daga shi sai wani ɗan siyasa, aka koma waƙar yabo safe da yamma, ya faɗi zaɓe aka garƙame ƙofa. Yanzu yana hannun Oga Fahad, matashi ɗan gayu, harkar kiɗa ce da ƙwallo da kiran waya, komai kai tsaye a intanet.

Kawu ya yi aiki da ukun farko, kuma duk ukun sun yi rigima da shi a kan abu guda. In aka kawo sanarwar rasuwa, ba ya karantawa sai ya tambayi wanda ya kawo: "Wa ya rage bai ji ba?" In aka ce mahaifiyar mamacin tana Mahuta, ko matarsa ta je ganin gida, sai ya kife takardar ya ce a je a faɗa musu tukuna. A ce masa, "Malam, jana'iza fa bayan azahar ce!" Ya ce to a yi sauri a hau babur. In babu mai zuwa, ya tada nasa. Cewarsa, uwa ba ta jin mutuwar ɗanta a bakin akwatin rediyo.

Mu a gida dariya muke masa. Ni ma da na girma na ji labarin, cewa na yi Kawu ai netwok ɗinsa a hankali yake tafiya.

Kakar nan da ta wuce, ina tsakiyar shiri da rana, Oga ya turo ƙofa ya miƙo min wayarsa. Motar masara ta kife a hanya, wani manomi ɗan Maska, Malam Sabi'u, ya rasu. Har da hoto. Ya ce, "Ummi, saki kawai, mu za mu fara fasa ta." Ban tambayi komai ba. Gaskiya ma daɗi na ji, don na san yau shafinmu zai cika. Na rage kiɗa, na gyara murya, na ce, "Masu sauraro, labari da ɗumi-ɗuminsa..." Sai janareta ya yi tari ya mutu. Dama ba wuta tun safe. Na koma waya in yi fostin, intanet ɗin ofis ya bi janareta, ni kuma ba data. Har buga tebur na yi don haushi. Kafin mai gyara ya tada injin, la'asar ta yi.

Ranar sadakar uku Oga ya ce mu je gaisuwa, mu ɗan ɗauko bidiyo. A ɗakin mata aka nuna min mahaifiyar mamacin, Iya Tabawa. Wata ta ce mata, "Iya, 'yar gidan rediyo ce, 'yar ƙanwar Malam Iro." Sai tsohuwar nan ta kamo hannuna. Ta ce ranar tana Kafur wajen 'yarta, tana ɓarar gyaɗa, rediyonta na gefe, tasharmu take ji don ita ba ta taɓa murɗawa wani wuri ba. Ta ji an ce ga labari, sai aka yi ɗif. Can ƙanin Sabi'u ya iso a babur, ya durƙusa, ya gaya mata da bakinsa.

"Daga baya na gane, 'yar nan," in ji ta. "Kun tuna ban ji ba, kuka yi shiru. Rediyon Malam Iro ke nan. Allah ya yi muku albarka."

Na ce, "Amin, Iya." Wayar da na zo ɗaukar bidiyo da ita tana cikin hijabi, ban fito da ita ba.

Tun ranar nake tunanin da Kawu zai leƙo ya ga gidan yanzu, me zai ce? Kiɗan ba zai dame shi ba, mutum ne mai son nishaɗi. Ina jin kallona kawai zai yi. An sayar da gidan nan sau uku, an sauya suna, an sauya fenti, amma tsofaffin ƙauyukanmu har gobe rediyon Malam Iro suke ce masa, suna barin sa kunne a gefen tabarma don sun yarda ba zai yi musu ba-zata ba. Yardar nan ba mu muka gina ta ba, ba ta kuma cikin kayan da Oga ya saya. Muna dai ci ne. Ranar da ta kusa karyewa a bakina, janareta ya fi ni hankali.

Shekaranjiya wani ya kawo sanarwar rasuwa ina kan aiki. Na ji bakina ya ce, "Wa ya rage bai ji ba?" Oga ya ɗago ya ce, "Kai, Ummi, wannan salon na wane zamani ne? Za a riga mu fa." Na ce a riga mu ɗin. Na kife takardar.

Allah ya jiƙan Kawu Iro, ya sa ya huta. Ya ba Iya Tabawa haƙuri, ya sa wata rana in cancanci addu'ar da ta yi min.