Lambun Yaya Sale da zuman watan Maris

Shekara shida ke nan da muka binne Yaya Sale a Birmingham. Makon jiya ɗansa Kamal ya kira ni a nan Manchester, ya ce, "Baffa, siminti zan zuba a lambun Baba, maƙwabta sun dame mu da ƙorafin ciyawa. Umma ta ce sai ka yarda."

Yayana direban bas ne a unguwar Handsworth ta Birmingham, amma zuciyarsa ta manomi ce. Mahaifinmu mai ɗaura amya ne a kan ɗorawa, shi ya koya mana cewa in ƙudan zuma ya sauka kan fure, sanyi ya yi sallama. Yaya ya kwaso wannan karatu ɗungurungum ya kawo Ingila. Da Maris ta kama sai ya tsuguna a bayan gida yana gadin furanni. Har ƙudan nan mai kama da zuma, mai tsayawa cak a iska, bai tsira daga idonsa ba. In kuwa malam-buɗe-littafi ya gifta, magana ta ƙare: ya tuɓe kwat, ya shuka kuɓewa da yakuwa. Duk shekara ƙanƙara ta dawo ta ƙone su. Na yi faɗa har na gaji, amsarsa ɗaya ce: "Kai dai gaggawa gare ka, ƙasar za ta saba da mu."

A 2003 ya ga zumansa, ya yini yana kaftu daga shi sai 'yar shara, sanyi ya kama masa haƙarƙari. Ya ƙi zuwa asibiti sai da numfashi ya gagara, bayan kwana kaɗan Allah ya karɓi abinsa. Na san ajali ne, amma wallahi har yau haushinsa nake ji, kewarsa kuma ta fi haushin.

Ko me zai ce da ya ga layinsu yau, gida bayan gida an shafe ƙasa da siminti? Ina jin tsaki zai ja, ya nemi fartanyarsa.

Ranar Asabar na je na tsaya a lambun. Ƙaya ta rufe kunyoyin. Kamal bai taɓa riƙe fartanya ba, ni kuma gwiwoyina sun daina tsuguno. Taurin kan Yaya da haƙurinsa na jiran fure, babu wanda ya gada a cikinmu. Zuma ne kaɗai ke ta kai-komo a kan furen ciyawar da ba wanda ya shuka, matar Yaya tana kallona ta taga.

Na ce wa Kamal ya zuba, amma ya jira furannin su bushe tukuna.