Sai-Na-Gani da Kwamfutoci Ɗari Biyu

A ofishinmu babu mai kiranta da ainihin sunanta. Sai-Na-Gani muke ce mata, domin ko rantsuwa ka yi cewa aiki ya kammala, amsarta ɗaya ce: "To, sai na gani." Ni dai Yaya nake kiranta, ko da yake na girme ta da shekara biyu. Da buga takardu ta fara a wani ɗan shago, tana goye da 'yarta ta fari. Wani mutum ya manta littafin koyon rubuta manhaja a kan teburinta, bai dawo nema ba, ita kuwa ta karance shi har bangon ya fita. Yau shekararta goma sha ɗaya a kamfaninmu, a kujerar da ke jikin taga.

Aikinmu kula da kwamfutocin shagunan magani ɗari biyu. Ba bi muke yi shago-shago ba. Akwai babbar saba guda da muka yi haya a gajimare, wato na'urar wani kamfani can nesa, wadda ba mu taɓa gani da ido ba. A cikinta aka rubuta yadda kowace kwamfuta za ta kasance. Duk rabin awa kowacce za ta tambaye ta, idan ta ga ta kauce wa tsarin sai ta gyara kanta. Yaya ba ta yarda da danne-danne a shafin intanet ba. Ta ƙofar umarni take magana da sabar, abin da ake kira API: ta rubuta 'yan layuka, ta tura, amsa ta dawo. Kowace safiya sai ta umarci sabar ta ɗauki kwafin kanta ta ajiye, kuma ba ta kurɓar shayi sai ta ga an gama. Muna ta yi mata dariya, shayinta kullum a sanyaye.

Ni tsohon mai gyaran kwamfuta ne, shekara goma sha biyar da sukundireba a aljihu. Shagona ya rufe, aka ɗauke ni gwajin wata uku, saura kwana huɗu a yanke min hukunci. Matata kuwa tuni ta gaya wa danginta kaf cewa na samu aiki.

Ranar Talata da hantsi wani shago ya kira. Sun sayi sabuwar firinta, ta ƙi buga takardar da ake manna wa kwalba, mai nuna yadda za a sha magani. Na shiga kwamfutarsu daga teburina na gyara da hannu, yadda na saba. Bayan rabin awa suka sake kira. Sabar ta mayar da komai yadda ta sani. Na sake gyarawa, ta sake warwarewa. A karo na uku mai shagon ya tambaye ni ko wasa nake yi da shi, kaina ya ɗau zafi. Na ɗauki mabuɗin sirrin da aka ba ni, na rubuta umarni ga sabar kanta. Sai dai na manta ban saka sunan shagon ba. Na tura wa duka ɗari biyun.

Wayar farko ta yi ƙara, ta biyu ta biyo baya.

"Yaya," na ce. "Na yi ɓarna."

Ta jawo kujerarta ta karanta abin da na tura. Ta koma teburinta ta rubuta layi uku, tana umartar sabar ta koma kwafin da aka ɗauka da safe.

"Minti ashirin za ta yi ba ta amsa wa kowa," in ji ta. "Duk kwamfutar da ta tambaya ba ta ji amsa ba za ta zauna yadda take. Waɗanda suka riga suka karɓi umarninka za su gyara kansu in ta dawo. Ɗauki wayar can, ka ce su rubuta da biro tukuna. Kuma ka daina wannan rawar jikin, ƙanena, kana girgiza min tebur."

Shago goma sha tara abin ya shafa. Kafin rana ta take duk sun dawo daidai, amma ba ta yarda ba sai da ta kira su ɗaya bayan ɗaya. A nan na san ban taɓa ganin ma'aikaci kamarta ba, kuma kunya ta hana ni ɗaga kai.

Manaja ya kira mu ofishinsa, riƙe da takardar da ta nuna da mabuɗin wa aka tura umarnin.

"Malam, ka ajiye katinka na aiki a wurin mai gadi," ya ce min.

"Ranka ya daɗe, wa ya gina ƙofar umarnin?" in ji Yaya.

"Ke."

"To ni na bar ta yadda mutum ɗaya zai taɓa shago ɗari biyu ba a tambaye shi ko ya tabbata ba. Shekara uku tana haka, sa'a ce kawai muke ci. In kora ce, ta kaina za a fara. In kuma gyara ake so, a ba ni shi mu haɗu mu rubuta shingen da zai hana irin wannan kuskure. Duk ginin nan babu wanda ya fi shi sanin inda ramin yake."

Manaja ya ajiye takardar. Ya ce mu fita, bai sake maganar katin ba.

Kwana uku muka yi muna rubutawa. Ranar Juma'a da muka gama, ta turo min allon rubutunta, ta ce in sake tura ainihin umarnin nan na ranar Talata, a kan sabar gaske. Na dube ta.

"Idan shingen bai riƙe ba fa?"

"Sai a kore mu tare," ta ce. "Danna."

Na danna. Sabar ta ƙi karɓa, ta nemi sunan shago.